Ranar da Na Duba Motar Kaka

Ranar da muka gama jarrabawar zangon farko, ko gida ban isa ba na sa sitatus uku. Ina cikin a-daidaita, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan yana ta aiki a waya, ina tura wa 'yan ajinmu "mun cinye, sai hutu". Na shiga gida da sallamata har da 'yar rawa. Na tarar da Umma kwance a tabarma ta tokare ƙugu da filo, ranar ko aiki ba ta je ba, Baba kuma zaune a bakin ƙofar ɗaki yana murmushi shi kaɗai.

"Mun yi mota," in ji Baba.

Sai da na ajiye jaka na sake sabuwar rawa.

Umma ma'aikaciyar lafiya ce. Wata huɗu kafin nan aka mayar da ita wani ƙaramin asibiti can wajen Gwiwa, mu kuma a Kazaure muke zaune. Kullum da sassafe sai ta hau motar haya, inda motar ta tsaya ta hau acaɓa, da yamma ta sake yin haka. Bayanta ya fara ciwo har sai an danna mata. Ta iya tuƙi tun tuni, har lasisi gare ta, motar ce kawai babu. Don haka da Baba ya ce mun yi mota, na san ta Umma ce.

"Wace iri? Wace kala? A ina?"

"Ta Baffa ce. Ya ce ya ajiye tuƙi, ido ya fara gajiya. Gara ta zauna a cikin gida da ta tafi hannun bare."

Nan rawar ta tsaya. Baffan nan ƙanin mahaifin Baba ne, a Babura yake, kuma shi ya riƙe Baba tun yana firamare bayan rasuwar mahaifinsa. Mu Kaka muke ce masa. Motarsa kuwa na san ta sarai, ai ta girme ni. Doguwa ce ruwan toka mai ƙofa huɗu, kujerunta lulluɓe da farin yadi. Ba ta zuwa ko'ina sai masallacin Juma'a da gaisuwar mutuwa.

Na ce, "Baba, to wa zai duba ta?"

"Duba me?"

"Motar mana. Inji, ƙafa, su birki."

Baba ya kalle ni kamar na ce a je a caje aljihun liman. "Baffa ne fa. Ya ce lafiyarta ƙalau. In je ƙofar gidansa in ɗaga masa bonet? In ce masa me, ban yarda da maganarsa ba?"

Wanda bai san Baba ba zai ce tsoro ne. Mutumin da a ofis ake miƙe masa, in ya je gaban Kaka ko kujera ba ya hawa, a ƙasa yake zama ya naɗe ƙafa, "to" ce kawai ke fita daga bakinsa. Ya riga ya ce to. Ranar Asabar za a je a ɗauko.

Da ya fita sallar la'asar, Umma ta yafito ni.

"Ni ba ƙin motar nake ba," ta ce a hankali. "Hanyar nan akwai inda za ki yi ta tafiya ba gida ba mutum, ga gangara, ga shanu suna tsallakawa. In ta yi min wani abu a can fa, ni kaɗai?"

"To ki faɗa mana."

"Ni suruka ce, bakina ba ya buɗuwa. Babanki ɗa ne, nasa ma haka. Saura ke."

"Ni kuma?"

"Ke jika ce. Me ba kya gaya masa?"

Gaskiyarta. Tsakanina da Kaka ba a magana. Tun ina rarrafe yake ce min amaryarsa, ni kuma ina ce masa tsoho mai rowa. Na taɓa sace masa hula ranar Sallah, sai da ya fanshe ta da tsire. A gaban baƙi na taɓa ce masa haƙoransa sun yi ritaya kafin shi, aka yi dariya, shi ya fi kowa yi. Abin da Baba zai faɗa a ce ya yi rashin kunya, ni in na faɗa wasan jika ne. Nan take na ji kaina ya yi girma. Na ce wa Umma ta kwantar da hankalinta, harkar ta zo hannun 'yan gari.

Washegari na tafi garejin Kawu, ƙanin Umma, makanike ne a bayan tasha. Na same shi rabin jikinsa a ƙarƙashin wata bos. Na zayyana masa komai, na ce ya shirya mu tafi tare.

Ya fito yana goge hannu. "Ni? In je gidan Alhaji da sifana a hannu? Ai shi ke nan an gama magana, dangin mata sun zo binciken dangin miji. Ba ni a ciki."

Na nuna masa wani dogon lis da na kwaso a waya, har da hotuna. Ya ja ƙasa da ɗan yatsansa mai baƙin mai, ya ɓata min gilas.

"Wannan na masu kwamfuta ne. Motar Alhaji ba ta da inda za a soka kwamfuta. Buɗe inda kike rubutu, 'yar boko."

Ya fara, ni kuma babban yatsana yana gudu. Ku je da sassafe tun ba a tayar da ita ba, ki dafa bonet ki ji da sanyi, don injin da ya ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Ki duba ƙasan inda take kwana, ko da ɗigon mai. Ki zaro sandar baƙin mai ki shafa a yatsa, in kin ji kamar yashi ba kyau. Ki buɗe murfin da ake zuba man, in kin ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, ruwa na haɗuwa da mai, ki rufe ki dawo gida. Ki leƙa ruwan lagireto, mai sanyaya inji, amma kar ki kuskura ki buɗe shi da zafi. A tayar da ita ki tsaya a baya ki kalli hayaƙin salansa. Taya kar ki kalli zanenta kawai, ki kalli gefe ko ya tsattsage. Ki gwada lambar da ke jikin takarda da wadda ke jikin ƙarfen motar.

"Na ƙarshe," ya ce, "tana kunne, ki zauna ki taka birki da ƙarfi, ki riƙe, kar ki saki. Ki gaya min abin da ƙafarki ta ji."

"Shi ke nan? Ai wannan shan ruwa ne."

"Za mu gani. Kuma kar ki kira ni a gabansa. Rubutu kawai."

Ranar Asabar na ɗau wanka kamar mai zuwa biki, na cika waya da caji, na tayar da Baba tun da wuri wai kar rana ta yi mana. Muka hau bos ta Babura. Duk hanya ina bitar lis ɗina, Baba yana jan carbi yana murmushi.

Muna karyo kwanar layinsu na hango ta a ƙofar gida, tana ƙyalli, ruwa na ɗiga daga jikinta, inji na kunne yana ta aiki. Kaka na tsaye a gefe da farar riga, hannu a baya. Don ya girmama Baba, tun asuba ya sa aka wanke ta, aka fito da ita, ya tayar da ita ta ɗumama. Rumfar da take kwana ma an share ta tas an yayyafa ruwa. Layi biyu na farko a lis ɗina sun tafi a banza kafin in yi sallama.

Baba ya durƙusa ya kwashi gaisuwa mai tsawo. Ni kuwa na tsaya na riƙe ƙugu.

"A'a, amarya, har da ke? Kin zo ganin dukiyar mijinki?"

"Wace dukiya? Wannan akwalar? Tsoho, kashe ta kar ta tashi unguwa."

"Akwala? Motar da ta kai uwarki gidan miji?"

"Ka ga ni. Ka faɗa da bakinka. Wallahi ba mai shiga gwangwanin nan sai na duba shi ciki da waje."

Baba ya zaro min ido. Kaka kuwa dariya ya yi har da tari.

"Ke? Me kika sani a mota ban da madubi?"

"Za ka gani. Amma sai na ci na sha na huta. Ka sa a dama min fura, kuma ban da rowar nono."

Da haka na sayo lokaci. Ya kashe motar, muka shiga ciki. Kafin in shiga na samu wani kwali na tura ƙarƙashin injin. Na sha fura, na ci ɗumame, na yi ta jan hira da mutanen gidan, na nuna wa yaran bidiyo, duk don injin nan ya huce. Baba na zaune gaban Kaka a zaure, in na wuce sai ya harare ni ta gefen ido. Na rubuta wa Kawu: "Tsoho ya riga mu, ya ɗumama ta." Ya amsa: "Tsohon hannu. Jira azahar."

Bayan azahar na dafa bonet na ji ya yi sanyi. Na ce to, a fito. Kaka ya sa aka kawo masa kujera ya zauna a inuwa kamar mai kallon ƙwallo. Maƙwabta biyu suka tsaya. Baba ya ja can gefe ya juya rabin baya, wai shi ba ruwansa, amma kunnensa yana wajenmu.

Na jawo kwalin. Ɗigo ɗaya ne ƙarami.

"Tana fitsarin kwance," na ce.

"Ke ma kin yi har kika shiga aji uku."

Maƙwabta suka kwashe da dariya. Na basar, na ce a buɗe min bonet, don ni ban san inda ake ja ba. Shi ya taso ya buɗe da kansa. Na zaro sandar mai, na shafa a yatsa, sumul, ba yashi. Na buɗe murfin, ba kindirmo. Ruwan lagireto ya yi ja kamar shayi, na ɗauki hoto na tura. Kawu ya ce ruwan rijiya ne, wanki kawai yake so. Sai ya ce in ɓalle akwatin da iska ke bi ta shiga inji. Na ɓalle da ƙyar, sai ga ɓawon gyaɗa cike, har da tsumma. Rumfar motar jikin ɗakin da ake ajiye buhunan gyaɗa take, ɓeraye sun yi falo a ciki.

"Tsoho, ashe 'yan haya gare ka."

Ya leƙo ya gani. "Shi ya sa take ƙamshin suya in ta yi zafi."

"Wa kike ta wa rubutu ne tun ɗazu?" ya tambaya da na sake duƙawa kan waya.

"Sabon saurayi. Mai mota ta gaske."

"Ki gaishe shi. Ki ce masa ya zo ya ɗauke ki, na huta da cin fura."

Ya shiga ya murɗa ki. Bugu ɗaya ta tashi. Na zaga baya na tsuguna ina kallon salansa, ba shuɗin hayaƙi, ba fari, ba baƙi. Sautin injin kuwa lafiya lau, kamar mage na barci. Na ɗauki sautin na tura wa Kawu, ya ce injin nan zai binne mu duka. Raina ya yi fari, amma ban nuna ba.

Daga nan muka shiga su ƙofa. Ta bayan direba ba ta buɗuwa ta ciki.

"Halinta ne," in ji Kaka. "Sai a buɗe maka ta waje, kamar babban mutum."

Hon ba ya yi sai an ɗan karkata sitiyari hagu.

"Halinta ne."

Allurar mai tana tsaye a rabi, na tambaya yaushe rabon da ta motsa.

"Ni na san abin da na zuba mata. Me zan yi da allura?"

A nan na gane Kaka ba ƙarya ya yi wa Baba ba. Da ya ce lafiyarta ƙalau, har zuciyarsa haka yake nufi. Duk abin da motar nan ta lalata a hankali cikin shekaru, shi ma a hankali ya saba da shi, har ya daina ganinsa a matsayin ciwo. Tayoyin ma haka. Zanensu raɗau kamar sababbi, don ba sa zuwa ko'ina, amma gefensu duk ya tsattsage kamar diddigen manomi.

"Sababbi ne," ya ce. "Shekarar da aka yi bikin yayarki na sa su."

"Tsoho, ɗanta na fari yana firamare."

Ya ƙirga a yatsa, ya yi tsaki.

A takardu ne ya rama. Ya shiga ya fito da wata jakar fata, ya zazzage. Komai na nan a jere, an ninke, ko ɗaya bai ɓace ba. Na bi lambar jikin ƙarfe harafi-harafi ina gwadawa da ta takarda, daidai. Ya gyara zaman hula yana kallon maƙwabta.

"Ku shaida, 'yar jami'a ta faɗi jarrabawa."

Saura na ƙarshe. Na shiga kujerar direba, motar na kunne, na taka birki da ƙarfi na riƙe. Da farko ya tsaya. Sai na ji yana sulalewa ƙasa a hankali, a hankali, har ƙafata ta taɓa ƙasan motar. Ni ban iya tuƙi ba, ban san ko haka kowane birki yake ba.

"Tsoho, birkinka fa yana nutsewa."

"Sau biyu ake taka mata. Na farko sallama ne, na biyu shi ne birki."

Kowa ya fashe da dariya, har Baba da ya juya baya sai da kafaɗarsa ta girgiza. Ni ma na yi, maganar ta yi min daɗi sosai. Na rubuta wa Kawu ita yadda take, har da fuskokin dariya guda biyar. Saƙon ya tsaya yana juyawa, sabis ya ɗauke. Na sa wayar a cinya na manta.

Kaka ya ce tunda amarya ta gama bincikenta, a zaga da ita ta ji daɗin kujera. Ya miƙa wa Baba ki, karo na farko a rayuwa. Baba ya karɓa da hannu biyu. Kaka ya zauna a gaba, ni a baya, muka fita daga gari muka hau hanyar Kanya Babba. Iska na shigowa, motar na tafiya sumul, Baba ya fara sakin jiki yana ƙara wuta. Ni har na ɗaga waya zan ɗauki bidiyon sitatus, sai saƙon Kawu ya shigo.

"Kar ku hau titi da ita. Masta ce ta mutu, wadda ke tura man birki. Wata rana na biyun ma ba zai kama ba."

Na karanta sau biyu.

"Baba, tsaya. Birkin nan ba shi da kyau."

"Ta fara," in ji Kaka, ko juyowa bai yi ba. "Kishi take, ta ga motar ta fi ta kyau."

"Da gaske nake. A tsaya."

"To, ranki ya daɗe, sai mun kai ki kasuwa mun sayar."

Baba yana murmushi yana tuƙinsa. Tun safe nake zagin motar nan ana dariya, to don me yanzu za a ji ni? Wasan da ya ba ni damar duba ta, shi ne ya hana a yarda da ni. Can gaba na hango amalanken shanu ɗauke da kara, tana tafiya a gefen hanyarmu, wata babbar mota kuma na tahowa ta ɗaya hannun.

Na matso na dafa bayan kujerar Kaka. Ban taɓa yi masa magana da irin muryar nan ba.

"Kaka, Allah ya ƙara maka lafiya, don Allah ka ce Baba ya tsaya. Ba wasa nake ba."

Ya juyo ya kalli fuskata. Daƙiƙa ɗaya ce.

"Tsaya," ya ce wa Baba.

Baba ya taka birki yadda kowane direba ke takawa, sau ɗaya, ya riƙe. Motar ta ɗan rage, sai ta ci gaba da tafiya. Na ga ƙafarsa ta kai ƙasa. Karan amalanken yana ta matsowa.

"Saki ka ƙara!" in ji Kaka.

Baba ya saki ya ƙara takawa, ya ƙara. Ta kama. Muka tsaya, tsinin kara na shafar gilashin gaba. Babbar motar ta wuce da iskarta. Mai amalanken ya waigo ya kalle mu, ya ɗaga mana hannu, ya ci gaba da tafiyarsa, bai ma san me ya faru ba.

Baba ya kashe mota. Injin na ta 'yar ƙara yana hucewa.

Ni ce na fara magana, murya ƙasa-ƙasa. "Umma ba ta san sau biyu ake takawa ba. Kuma hanyarsu akwai gangara."

Kaka ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Baba. "Wace Umma? Ita za ta tuƙa?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Magana nake maka."

"Ita ce, Baffa. An mayar da ita wajen Gwiwa. Kullum take zuwa."

"Kullum. Ita kaɗai," in ji Kaka. "Ni na ɗauka kai ne za ka riƙa lallaɓawa da ita ofis, nan da can. Me ya hana ka gaya min?"

Ni na san amsar, Kaka ma ya sani. Baba ba zai iya buɗe baki a gaban wanda ya raine shi ya ce matarsa ce bayanta ke ciwo, ita zai saya wa mota ba. Ko sunanta bai taɓa kamawa a gabansa ba.

"Fito," in ji Kaka.

Suka yi musanyen kujera. Shi ya mayar da mu gida, a giya ta biyu, masu keke na wuce mu. Duk hanya ban taɓa wayata ba. Ina kallon bayan wuyansa, duk ya yi tamoji, ina jin kamar na zo har gidansa na ci masa fuska a gaban maƙwabta. Da ya faka a rumfa ya zare ki ya sa a aljihu.

"Ba na sayarwa," ya ce.

"Baffa, don Allah ka yi haƙuri, yarinya ce..."

"Ban gama ba. Ba na sayarwa yau. Ka je ka kawo min makaniken nan da take ta wa rubutu tun safe. Kun ɗauka ban gane ba? Ƙanin uwarta ne. Wane saurayi ne zai iya da wannan bakin?"

Sai a lokacin na samu numfashi.

Washegari Kawu ya zo Babura da jakar kayan aikinsa, ya yi ta durƙuso yana ba da haƙuri kamar shi ya lalata birkin. Kaka ya ce ya tashi ya yi abin da ya kawo shi. Kwana uku aka yi. Aka canja masta, aka canja robobin birki da suka bushe, aka zuba sabon man birki, aka sa tayoyi huɗu, aka wanke lagireto, aka kori ɓeraye. Kaka ya kafa kujerarsa a bakin rumfa tun daga safe, duk abin da aka ciro sai an miƙo masa ya jujjuya. Baba ya so ya ɗauki nauyin gyaran, Kaka ya ce motarsa ce tukuna, kar a yi masa shisshigi. Ƙofar baya kawai ya hana a taɓa, wai a bar mata wani abu na gado.

Da aka gama ya ce saura sharaɗi ɗaya. Ranar farko da Umma za ta tafi aiki da ita, da shi za a je, ya ga hanyar da idonsa.

Ranar Litinin da ta biyo baya, da safe, Kawu ya kawo motar Kazaure, Kaka a gefensa. Umma ta fito da farin kayan aikinta da hijabi, ta durƙusa tun daga zaure, ta gaishe shi kanta a ƙasa. Ya miƙo min ki, ni na miƙa mata. Ya zauna a gaba, ya manne da ƙofa don ya ba ta wuri, ni a baya. Umma da ke tuƙi kamar soja, ranar nan kamar mai ɗauke da ƙwai take tafiya, ko tari ta kasa yi.

Mun wuce duwatsu, mun fara sauka wata gangara, sai ga awaki sun yanko titi. Umma ta taka birki sau ɗaya. Motar ta tsaya cak, har hular Kaka ta faɗo kan cinyarsa.

Ya ɗauka, ya kaɗe, ya mayar. Ya kalli awakin suna wucewa.

"Wannan ba motata ba ce," ya ce. "Tawa ta fi haka ladabi."

Umma ta ja bakin hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ban taɓa ganin ta yi dariya a gabansa ba sai ranar.

Da muka isa asibitin ya fito, ya zaga motar sau ɗaya, ya ɗan bubbuga bonet da tafin hannu. Umma ta ce ya jira ta sa hannu ta mayar da shi, ya ce a'a, ta je marasa lafiya na jiranta. Ni da shi muka hau acaɓa biyu zuwa inda ake samun mota, yana riƙe da hularsa da hannu ɗaya, yana ta yi wa ɗan acaɓan faɗa ya rage gudu.

Da yamma, tun kafin a kira magariba, muka ji hon a ƙofar gida. Umma ta shigo da ki a hannu, ta ajiye jaka, ta wuce kicin kai tsaye ta ɗora tukunya.